Sabar Solaris ta tsaya a kan «ok»: yadda ake gano inda tashinta ya katse

Inji ya kunnu, fankoki na juyawa, fitilar gaba na haske, amma ba mai iya shiga ta hanyar sadarwa. Aka jona waya a konsol, sai ga haruffa biyu kacal a allo: ok. A daidai nan ne masu kula da sabar da yawa ke yanke hukunci cewa faifai ya mutu, su ɗauko DVD ɗin girki, ko su buga fsck -y, umarnin gyaran tsarin fayil, tun ba su karanta abin da injin ya faɗa ba. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, bayanai kuma suna nan cif, sai hannun mai gyara ne ya ɓata su.

Muna magana ne a kan injinan SPARC na kamfanin Sun Microsystems, wanda Oracle ya saya a 2010, masu ɗauke da Solaris 8, 9 ko 10. Har yau akwai irinsu a ɗakunan sabar suna riƙe da tsofaffin rumbunan bayanai, kuma galibi wanda ya girka su ya daɗe da barin wurin. Abin da ya sa gyaransu ke da daɗi shi ne tashinsu miƙa hannu ne daki-daki, kuma kowane mataki da irin kukan da yake yi idan ya gaza. Wanda ya san jerin, saƙon ƙarshe da ya gani a allo ya ishe shi sanin inda zai sa ido.

Ga yadda jerin yake. Da an kunna wuta, injin zai gwada kayan cikinsa, sannan OpenBoot ya karɓa, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a allon injin, ba ta bukatar faifai. Ita ce mai nuna ok. Za ta duba saitin da ke ajiye a NVRAM, ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa ko an kashe wuta, ta ga wace na'ura aka ce ta tashi daga gare ta, ta buɗe faifan, ta karanta sekta ta 0 inda tambarin faifai yake, wanda ke ɗauke da taswirar yankunansa. Daga nan ta nufi yankin tushe ta kwashi sekta ta 1 zuwa ta 15, bayit 7,680 ke nan, wato tubalin tashi mai suna bootblk. Wannan ɗan tubalin bai san komai ba sai yadda zai lalubo abu na gaba a cikin tsarin fayil: a tsohon tsari ufsboot ne, daga Solaris 10 10/08 kuwa ƙunshin tashi ne mai suna boot_archive. Shi zai ɗora kanel, kanel ya karanta /etc/system, ya ɗora direbobi, ya ɗaura tushe, ya tada init. Sauran aiki, wato tada hidimomi, na rubutattun rc ne a Solaris 8 da 9, ko na SMF, manajan hidimomi, a Solaris 10.

Kafin komai, a sami konsol na gaske. Tashar siriyal tana aiki ne a gudun 9600, bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa 1. Idan injin na da ALOM, ƙaramar na'urar kula da inji daga nesa, umarnin shi ne console -f, kuma consolehistory zai nuna abin da ya wuce a allo kafin ka iso. Idan ILOM ne, wato irinta ta sabbin injina, start /SP/console. Ka sa manhajar taminal ɗinka ta riƙa adana duk abin da ke fitowa, domin saƙon da ya fi muhimmanci yakan wuce cikin ƙiftawar ido, musamman idan injin na ta sake kunna kansa. Idan haka yake yi, aika masa alamar katsewa, ko Stop-A idan akwai allon madannai na Sun, sannan ka hana shi tashi da kansa:

setenv auto-boot? false
reset-all

Idan kuwa ko ok ɗin ba ta fito ba, bar zancen faifai gaba ɗaya. Matsalar tana ƙwaƙwalwa, ko furosesa, ko akwatin wuta, kuma rajistar ALOM ko ILOM ce za ta faɗa maka.

Lokacin da injin bai ma nufi faifan ba

Saƙon «Timeout waiting for ARP/RARP packet» yakan ruɗa mutane su tafi binciken wayar sadarwa. Ma'anarsa kawai ita ce injin na ƙoƙarin tashi ta hanyar sadarwa, tambayar kuma ita ce wa ya aike shi can. Buga printenv boot-device da printenv diag-switch? ka gani. A tsofaffin OpenBoot, idan diag-switch? na kan true, ko makullin gaban injin na kan matsayin gwaji, to ba boot-device za a bi ba, diag-device za a bi, wanda saitinsa na asali net ne. Wani ya zo gwada ƙwaƙwalwa watanni shida da suka wuce ya bar shi haka, ba a gane ba sai ranar da aka ɗauke wuta. Haka nan idan boot-device na ɗauke da «disk net», injin zai fara gwada faifai, in ya kasa ya zarce zuwa net, don haka ainihin kuskuren yana can sama da layukan ARP ɗin. Koma baya ka karanta shi.

Akwai kuma mutuwar batirin NVRAM a tsofaffin injina. Alamarta ita ce saƙon «The IDPROM contents are invalid», adireshin Ethernet ya zama shirme, saiti kuma ya koma na masana'anta, duk wata inkiya, wato gajeren sunan na'ura, da aka ƙirƙira ta ɓace. A injina irin V210, V240 da V440, wannan saitin na kan wani ɗan kati mai kama da katin banki. Idan aka sauya allon uwa ko aka mayar da faifai wani akwatin ba a tafi da katin ba, sakamakon ɗaya ne.

Sai «Can't open boot device». A nan OpenBoot ta nufi inda aka ce mata, ba ta sami kowa ba. Bayan reset-all ɗin da aka yi ɗazu, buga probe-scsi-all, ko probe-ide a injina masu faifan IDE irin Ultra 5 da Ultra 10. Kada a tsallake reset-all: idan an katse Solaris ne aka faɗo ok, binciken SCSI na iya daskarar da injin. Idan faifan ya bayyana da sunan kamfaninsa da lambarsa, to yana raye, inkiyar ce ke nuna wani wuri. Kwatanta abin da devalias ya nuna da hanyar da probe-scsi-all ko show-disks suka fitar, sannan ka gwada tashi da cikakkiyar hanya. A V240, faifan farko ga shi:

boot /pci@1c,600000/scsi@2/disk@0,0:a

Harafin a na ƙarshe yanki na 0 yake nufi, b yanki na 1, haka har zuwa h. A kula, Solaris na rubuta wannan hanyar da sd@0,0 yayin da OpenBoot ke son disk@0,0. Wanda ya kwafo ta daga ls -l /dev/dsk bai sauya wannan ba yakan ƙirƙiri inkiyar da ba ta aiki. Idan ya tashi, sai a gyara da nvalias da setenv boot-device.

Idan faifan bai bayyana ba, sai a koma ga ƙarfe. A zare shi a mayar da kyau, a kasa kunne a ji ko yana juyawa. Faifan da ya shekara da shekaru yana juyi ba tsayawa yakan ƙi motsi da zarar ya huce, shi ya sa tsofaffin sabar ke mutuwa ranar da aka kashe su da gangan don gyaran wuta. A layin SCSI a tabbatar babu na'urori biyu masu lamba ɗaya: 7 ta kwantarola ce, 6 bisa al'ada ta CD ce, faifan tushe kuma 0 a injinan sun4u. A duba abin rufe ƙarshen layin idan akwai akwatin faifai na waje. Kuma a wurare irin namu, inda wuta ke ɗaukewa janareto ya karɓa, akwai wani abu mai sauƙi da ke yawan faruwa: wuta ta dawo wa sabar da akwatin faifai lokaci guda, sabar ta riga faifan shiryawa, ta nema ba ta samu ba, ta zauna a ok. Buga boot kawai ya wadatar. Maganin dindindin shi ne a riƙa kunna akwatin faifai tukuna.

Tambari da tubalin tashi

«Bad magic number in disk label» tare da «Can't open disk label package» na nufin an sami faifan amma sekta ta 0 ba ta karantuwa a matsayin tambarin Sun. Daga nan dole a tashi daga wani wuri: boot cdrom -s, ko boot net -s idan akwai sabar JumpStart, wadda ke girka Solaris ta hanyar sadarwa. Lambobin kwantarola na iya bambanta a ƙarƙashin DVD, abin da ka sani da c1 ya zama c0, don haka a gane faifai ta lambarsa da girmansa a cikin format, kada a dogara da sunan da aka saba.

Da ka zaɓi faifan, format na iya tambaya ko ya sa masa tambari yanzu. Amsar ita ce a'a. In ka amince, zai rubuta taswirar asali wadda ba ta dace da inda bayananka suke ba, ya kuma taka kwafin tsohuwar taswirar da ke ƙarshen faifai, alhali ita ce abin da kake nema. Umarnin verify zai nuna abin da ke akwai, backup kuma zai nemo waɗancan kwafe-kwafen ya mayar da ɗaya gurbin na farko. Idan an taɓa adana sakamakon prtvtoc, fmthard -s zai mayar da shi. Idan faifan na da tagwai, wato faifai na biyu da ke riƙe da kwafinsa, mai girma da tsari iri ɗaya, ana iya kwafo taswirar daga can:

prtvtoc /dev/rdsk/c0t1d0s2 | fmthard -s - /dev/rdsk/c0t0d0s2

Karanta layin nan sau biyu kafin ka danna, domin juya sunayen biyu zai lalata mai lafiyar. Abubuwan da ke cin tambari sanannu ne: dd da aka nufa kan s2, wanda bisa al'ada shi ne faifai sukutum, rumbun bayanai da aka ba ɗanyen yanki mai farawa daga silinda ta 0, ko faifan da aka taɓa miƙa wa ZFS gaba ɗayansa ya sami tambarin EFI, wanda tsofaffin SPARC ba sa tashi daga gare shi.

Saƙon da ya fi kowanne shahara shi ne «The file just loaded does not appear to be executable». An karanta tambari, an kwaso sektoci 15 ɗin, amma abin da aka tarar ba tubalin tashi mai amfani ba ne. Kafin ka rubuta komai, tabbatar ba faifan bayanai inkiyar ke nunawa ba, don shi ma wannan saƙon zai bayar. Idan faifan daidai ne, abubuwa uku ne kan gaba. Na farko, an dawo da tushe da ufsrestore kan sabon faifai. Ufsdump fayiloli yake ɗauka, ba ya ɗaukar tubalin tashi. Na biyu, faifan tagwai ne da ba a taɓa gwada tashi daga gare shi ba. Na uku, an ɗora facin kanel 137137-09, wanda ya kawo tsarin boot_archive zuwa SPARC, amma tubalin da ke kan faifan ya ci gaba da zama tsoho, yana neman ufsboot. Gyaran ɗaya ne: a ɗaura tushen a kan /a, sannan

installboot /a/usr/platform/`uname -i`/lib/fs/ufs/bootblk /dev/rdsk/c0t0d0s0

Abubuwa biyu ne abin lura a layin. Na'urar ɗanya ce, rdsk, kuma yankin tushe ne, ba s2 ba. Sannan an ɗauko bootblk ɗin daga /a, wato daga Solaris ɗin da ke kan faifan. Wanda ya ɗauko na DVD ɗin wani zubi daban zai iya dasa tsohon tubali a kan sabon tsari ko akasin haka, ya ga saƙon bai sauya ba, ya ɗauka faifan ne ya lalace. Idan /usr yankinsa daban ne, a ɗaura shi a /a/usr tukuna.

Maganar fsck

A nan ne ake asara, don haka za mu ɗan daɗe. Umarnin fsck ba ya ceto bayanai. Aikinsa shi ne ya sa lissafin tsarin fayil ya daidaita, ko da hakan na nufin share abin da bai gane ba. Idan faifai na kasa karanta wasu sektoci, fsck -y zai ɗauki duk abin da bai karantu ba a matsayin ɓarna, ya yanke, ya share, ya kuma tilasta wa faifan da ke gargara yin aiki mai nauyi. Garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka a fara da tambayar lafiyar ƙarfen. Umarnin iostat -En na nuna ƙidayar kurakurai na kowane faifai. Kurakuran Hard da na Media su ne abin tsoro, na Transport kuma sun fi nuni ga waya, mahaɗa ko kwantarola. A cikin format, analyze sannan read na karanta faifan ba tare da taɓa bayanai ba, amma a nisanci sauran zaɓuɓɓukan wurin irin su write, compare da purge, waɗanda ke rubutu a kansa. Idan an ga alamar lalacewa, aikin farko shi ne kwafe faifan zuwa wani mai girma ɗaya da dd, tare da conv=noerror,sync, da ƙaramin bs kamar 64k, domin duk inda karatu ya gaza, gwargwadon bs ɗin ne za a cike da sifili. Gyaran sai a yi shi a kan kwafin.

Idan ƙarfe lafiya, a gwada ɗaura yankin don karatu kawai, mount -o ro, a leƙa ciki. Sannan fsck -n, wanda ke amsa a'a ga kowace tambaya, ya nuna girman ɓarnar ba tare da ya taɓa komai ba. Kurakurai kaɗan na ƙidayar tubala bayan ɗaukewar wuta ba abin damuwa ba ne, a bar shi ya gyara. Ɗaruruwan fayilolin da ya ce zai share kuwa alama ce ta wani abu daban, kuma wanda ya fi yawa shi ne taswirar yankuna ba daidai take ba, ko kuma yankin rabin tagwaye ne ko rabin jeren faifai, ba cikakken tsarin fayil ba.

Haka batun «BAD SUPER BLOCK: MAGIC NUMBER WRONG». Babban tubali shi ne rajistar tsarin fayil ɗin, kuma UFS, tsarin fayil na gargajiya na Solaris, na ajiye kwafinsa a wurare da dama. Amma wannan saƙon na fitowa ko da yankin ba UFS ba ne sam, misali wurin swap, ko ZFS, ko ɗanyen yankin rumbun bayanai. A tambayi fstyp tukuna. Idan an tabbatar UFS ne, kwafi na farko kullum yana lamba 32:

fsck -F ufs -o b=32 /dev/rdsk/c0t0d0s0

Da yake 32 na kusa da na asalin, abin da ya ci wancan yakan haɗa da shi. Sauran lambobin ana samunsu da newfs -N, wanda ke nuna abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Babban harafin N ɗin nan shi ne tsakaninka da sabon tsarin fayil fanko. Lambobin da zai bayar kuma daidai suke ne kawai idan da saitin asali aka ƙirƙiri tsarin fayil ɗin tun farko. A maimaita fsck har sai ya daina cewa «FILE SYSTEM WAS MODIFIED». Bayan haka a duba lost+found, inda marayun fayiloli ke zuwa da lamba maimakon suna, a kuma gudanar da pkgchk -R /a don a san waɗanne fayilolin Solaris suka ɓace ko suka sauya. Idan /var daban yake, sai an ɗaura shi a /a/var, don a can rajistar fakitoci take.

Daga kanel zuwa gaba

«boot: cannot open kernel/sparcv9/unix» labari ne mai daɗi ta wata fuska: tubalin tashi ya yi aikinsa, tsarin fayil na karantuwa. Ko dai yankin ba na tushe ba ne, ko fayil ɗin ya tafi, ko boot-file na ɗauke da abin da bai kamata ba. Yawanci fanko ya kamata ya kasance. Wanda aka saita shi zuwa kernel/unix a zamanin Solaris 8 ko 9 don tashi da kanel mai bit 32 zai hana Solaris 10 tashi, domin a SPARC ba shi da irin wannan kanel ɗin. Umarnin set-default boot-file zai share shi. Haka kuma faifan da aka ciro daga injin sun4u aka sa a sun4v, kamar T2000, ba zai sami kanel ɗin da ya dace da shi ba.

A Solaris 10 10/08 zuwa sama, ƙunshin tashi na iya tsufa ko ya guntule: an ɗora faci ko an sauya direba, wuta ta ɗauke kafin a kashe injin yadda ya kamata, ko tushe ya cika lokacin da ake sake gina shi. A tashi da boot -F failsafe, a yarda ya ɗaura tushe a /a, a duba df a ga akwai fili, sannan bootadm update-archive -R /a. A riƙe wannan umarnin da kyau, domin kanel da direbobi suna cikin ƙunshin. Duk gyaran da aka yi musu daga waje, sai an sake gina shi kanel zai gani.

Da zarar layin «SunOS Release 5.10» ya fito, an bar hannun OpenBoot. Idan kanel ya faɗi nan take, ko ya ce ya kasa ɗaura tushe, /etc/system ne farkon abin zargi, musamman in an taɓa shi kwanan nan. Umarnin boot -a zai tambayi sunan fayil ɗin da za a bi, sai a ba shi /dev/null ya tashi da saitin asali. Wannan ba zai yi ba idan tushen na kan tagwayen faifai, domin layin rootdev da ke gaya wa kanel inda tushe yake a cikin wannan fayil ɗin yake. A irin wannan hali daga DVD ake gyarawa. Alamar kashe layi a /etc/system tauraro ce, kuma sai an saita TERM=vt100 kafin vi ya nuna allo daidai.

Injina masu faifan FC-AL a ciki, irin su 280R, V480 da V880, suna da nasu tarkon. Hanyar kowane faifai a Solaris na ɗauke da lambar WWN ɗinsa, wadda ba ta maimaituwa. An sauya faifai, an dawo da komai daga kaset, an sa tubalin tashi, kanel ya ɗoru, amma c1t0d0s0 da ke cikin /etc/vfstab har yanzu yana nuni ga lambar mataccen faifan. Sai an sake gina mahaɗan da devfsadm -r /a -p /a/etc/path_to_inst, a tabbatar da ls -l cewa suna nuna sabuwar lambar, a kuma tashi da boot -r. Idan aka kai ga sake gina path_to_inst daga farko, lambobin na'urori na iya sauyawa, katin sadarwa ya tashi da wani suna, fayil ɗin /etc/hostname ɗinsa ya daina dacewa.

Tagwayen faifai

Mafi yawan sabar da aka damu da su tushensu tagwaye ne a ƙarƙashin Solaris Volume Manager, wanda a da ake kira DiskSuite, kuma wannan na sauya kusan duk abin da aka faɗa a sama. DVD bai san da tagwaitakar ba. Idan ka ɗaura c0t0d0s0 a /a ka gyara fayil, ko ka gudanar da fsck a kansa, rabi ɗaya kawai ka taɓa. Da injin ya tashi, zai ɗauka faifan biyu iri ɗaya ne, ya riƙa karatu nan da can bi da bi. Gyaran zai bayyana ya ɓace, kanel ya faɗi ba dalili, tsarin fayil ya lalace a hankali. Hatta ɗaurawa da izinin rubutu kaɗai ya isa ya bambanta su.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce a raba tagwayen da gangan. A zaɓi faifan da ya fi lafiya, a gyara shi, a mayar da layukan /a/etc/vfstab daga /dev/md/dsk zuwa ainihin yankunan c0t0d0, har da swap da /var, a kashe layin rootdev a /a/etc/system, a sabunta ƙunshin tashi in akwai, a tashi daga wannan faifan shi kaɗai. Bayan an tabbatar komai na aiki, a rushe tsofaffin na'urorin md, a sake gina madubi, wato na'urar tagwayen, mai ɓangare ɗaya daga faifan mai kyau, a yi metaroot, a sake kunnawa, sannan metattach ya kwafe zuwa na biyun. Ya fi tsawo, amma a kowane mataki ka san wane faifai ne ke riƙe da gaskiya.

Akwai kuma ƙa'idar rinjaye. Manhajar na ajiye bayanin tsarinta a ƙananan kwafe-kwafe da ake kira metadb. Inji mai aiki zai ci gaba idan rabinsu na nan, amma ba zai tashi zuwa cikakken aiki ba sai da rabi da ɗaya. Sabar mai faifai biyu, kowanne da kwafi uku, idan ɗaya ya mutu saura uku cikin shida, rabi cif. Za ta yi ta aiki har ranar da aka sake kunna ta, sannan ta tsaya da «Insufficient metadevice database replicas located». A shiga da kalmar sirrin root, metadb -i ya nuna matattun da manyan haruffa a gefensu, a share su da metadb -d da sunan yankin mataccen faifan, a sake kunnawa. Zai yi ƙorafin cewa tushe na karatu ne kawai. Wannan bai hana sharewar ba.

Tushen ZFS ya fi sauƙi ta wannan fuskar, tunda shi da kansa ya san tagwayensa kuma babu fsck. Daga DVD, zpool import -R /a rpool, a duba zpool status da ƙimar bootfs. A ok, boot -L zai jera muhallan tashi da ke akwai, boot -Z ya tada wanda aka zaɓa, kuma komawa muhallin da ya gabaci faci shi ne gyara mafi sauri. Tubalin tashinsa daban ne, installboot -F zfs da bootblk na cikin lib/fs/zfs.

Idan an wuce duk wannan injin ya tsaya yana neman kalmar sirri don gyara, to ya riga ya tashi, wani hidima ne ya maƙale. A Solaris 10, umarnin svcs -xv zai faɗi wanne da inda rajistarsa take. Galibi layi ɗaya ne a /etc/vfstab da ke nuna faifan da babu shi ko wanda ke bukatar fsck. A mayar da gurbin ɗaurawa lokacin tashi zuwa no, a yi svcadm clear. Idan rumbun SMF ɗin kansa ne ya lalace, boot -m milestone=none sannan /lib/svc/bin/restore_repository.

Kafin a rufe akwatin, a mayar da auto-boot? zuwa true, domin mantawa da shi na nufin injin zai sake zama a ok a ɗaukewar wuta ta gaba. A sa inkiyoyin faifan biyu a boot-device, a sauka zuwa ok da init 0, a tashi daga na biyun da gaske a ga ya kai har allon shiga, sannan a koma na farko. A ƙarshe a kwafi sakamakon prtvtoc na kowane faifai, da eeprom, da metastat -p, da metadb -i, da /etc/vfstab, a ajiye su a wani injin daban.